Tsugune Ba Ta Ƙare Ba: Abin da Ke Biyo Bayan Allurar Farko

Duk wanda ya taɓa yin bazara a Minna ya san yadda daren watan Maris yake. Duwatsun da suka kewaye garin sukan wuni suna shan rana, da magariba ta yi sai su shiga amayar da abin da suka sha, ga wuta ba tabbas, duk da a jihar Kainji da Shiroro muke. A Limawa da Unguwar Daji da Kpakungu sai ka ga an baje tabarmi a tsakar gida, tsofaffi na faɗa kada yara su cunkushe a ɗaki guda, lokacin sanƙarau ne. A irin wannan zafi ne, cikin Afrilun 2024, rediyo ya kawo labarin cewa Najeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da wata sabuwar allurar rigakafin sanƙarau. Mai karanta labarin da alfahari ya faɗa. Gwaggona da ke gefe tana fifita ba haka ta ji shi ba.

"Ɗan nan," in ji ta, "ba an yi wa yaran nan allurar sanƙarau shekarun baya ba? Har matan aure aka tara aka yi wa. To ta farkon ce ba ta yi ba, ko kuwa mu ne dai zakaran gwajin dafi?"

Ban yi mata dariya ba, don tambayar tana da asali. A 1996 annobar sanƙarau ta kwantar da mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Ana tsakiyar wannan tashin hankali kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano ya gwada wani magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su sabon maganin, sauran aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da nakasa. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan ba maganinsa ba. Aka yi ta shari'a, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba ne, amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Da aka ƙaurace wa ɗigon shan inna a Kano a 2003, wannan tabo yana cikin abin da mutane suka riƙa nunawa.

Amsar da na ba Gwaggo a taƙaice ita ce ta farkon ta yi, ta ma yi ƙwarai. Sai dai ranar da hukuma ta sa hannu ta amince da allura, tambaya biyu kawai aka amsa: tana aiki a kan waɗanda aka gwada, kuma ba ta yi musu wata illa da ta fi amfaninta ba. Sauran tambayoyin, waɗanda su ne suka fi yawa, sai an shiga gari da ita ake samun amsarsu. Babu cutar da ta fi sanƙarau nuna haka, kuma labarin nata a bayan gidanmu ya fara.

Daga Minna in ka bi ta Bosso ka miƙe, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka za ta kai ka Zungeru. A watannin Fabrairu da Maris na 1905, lokacin garin ne fadar Gwamna Lugga, wata cuta mai sanƙarar da wuya ta ɓarke a can, wani likitan Turawa ya rubuta rahoto a kanta. Masu bin tarihin cutar har yau suna kawo wannan rahoto cikin bayanai na farko-farko a kan annobar sanƙarau a wannan ɓangare na Afirka. Daga nan ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru, ta yi ɓarna, ta lafa. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana taswirar yankin da take yi wa wannan zuwa, wani dogon zirin ƙasa daga Senegal har Habasha. A yau ƙasashe 26 ake lissafawa a ciki, mu kuma muna tsakiyarsa.

Sanƙarau kumburi ne na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da lakar ƙashin baya. Ƙwayoyin cuta iri-iri kan jawo shi, amma mai yin annoba a ƙasarmu wata bakteriya ce da likitoci ke kira meningokokas. Abin mamakinta, kusan mutum ɗaya cikin goma yana yawo da ita a maƙogwaronsa lafiya lau, yana raba wa jama'a ta tari da atishawa bai sani ba. Idan hunturu ya busar da hanci da maƙogwaro, ƙura ta kankare su, sai ta sami ƙofar shiga jini. Shi ya sa cutar ke tashi daga Disamba, ta yi ƙamari a bazara, da damina ta sauka kuma ka ji tsit. Ko da magani, kusan ɗaya cikin goma na waɗanda ta kama ba sa tashi, cikin waɗanda suka tashi kuma da yawa sukan rasa ji ko su sami taɓuwar ƙwaƙwalwa. Kurame nawa ne a garuruwanmu da aka haifa suna ji?

Ita wannan ƙwaya riga gare ta, wani ɓawo mai kama da sukari da take lulluɓa da shi don ta ɓace wa garkuwar jiki. Rigar kuma ba iri ɗaya ba ce. Akwai launi goma sha biyu, shida daga ciki su ne masu ɓarna, aka yi musu suna da haruffan boko: A, B, C, W, X da Y. Allurar rigakafi kamar ka kira ɗan sintirin unguwa ne ka nuna masa rigar ɓarawo, ka ce duk inda ka ga mai wannan ka kama. In ƙanin ɓarawon ya zo da wata riga daban, ɗan sintiri zai amsa masa sallama ya wuce. Wanda ya riƙe wannan misali ya riƙe rabin bayanin.

Allurar farko ta fito ne daga Amurka a ƙarshen shekarun 1960, daga aikin wani masani, Emil Gotschlich. Rigar kawai aka ciro aka tace aka yi allura da ita. Ta yi aiki, aka amince da ita, aka shiga amfani da ita. To a nan ne Zariya ta shigo. A shekarun 1970 asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin wuraren da aka fi nazarin sanƙarau a duniya, ƙarƙashin Brian Greenwood da abokan aikinsa, Turawa da 'yan ƙasa. Binciken da aka yi a can da wasu ƙasashen yankin ne ya fito da gazawar allurar a fili. Ba ta kama jikin yara ƙanana sosai, alhali su cutar ta fi ɗauka. Kariyarta ba ta wuce 'yan shekaru. Sannan ba ta korar ƙwayar daga maƙogwaro, wato wanda aka yi wa ya tsira amma yana ci gaba da rabawa. Saboda haka sai ta zama allurar kashe gobara: a jira annoba ta tashi, a ƙirga gawarwaki har su kai adadin da za a kira ta annoba, sannan a nemi allura daga waje. Kafin ta iso an gama ɓarna, wani lokaci ma ruwan sama ne ke riga ta kashe wutar. Haka aka yi a 1996, shekarar da Afirka ta ga masu cutar sama da 250,000, mutum 25,000 suka mutu.

Da a ce an tsaya a kan cewa ai akwai allura, an amince da ita, me za a ƙara nema, da har yau a nan muke.

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka kafa shirin samar da sabuwar allura, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Jami'an lafiyar Afirka da aka tuntuɓa suka ce in ta wuce rabin dala kowace guda, kada ma a fara, ba za mu iya saya ba. Manyan kamfanonin Turai ba su ga riba a wannan farashi ba, sai kamfanin Serum Institute da ke garin Pune na Indiya ya karɓi aikin. Dabarar ita ce a ɗinke rigar A a jikin wani furotin da aka samo daga rigakafin cutar sarƙe-haƙora, wadda asibiti ke kira tetanus. Jiki yakan yi wa sukari kallo ɗaya ya manta, amma in ya zo manne da furotin sai ya rubuta ya ajiye. Aka fara gwaji a kan manya 'yan ƙalilan a Indiya a 2005, aka zo kan yara 601 a Mali da Gambiya, sannan wasu ɗaruruwa da dubbai a Senegal da Ghana da Indiya. A watan Yunin 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Sunanta MenAfriVac. Ranar 6 ga Disamban 2010 aka ƙaddamar da ita a Burkina Faso, Mali da Nijar suka bi, Najeriya kuma ta zagaya da ita jihohin Arewa kashi-kashi daga 2011 zuwa 2014, ga duk mai shekara 1 zuwa 29. Ita ce wadda Gwaggo ta tuna.

Ga abin da ba a cika faɗa a rediyo ba. Lokacin da aka amince da MenAfriVac, ba a taɓa ganin ta tare annoba ba. Abin da aka auna jini ne: an ga jinin wanda aka yi wa yana kashe ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje fiye da jinin wanda aka yi wa tsohuwar allura, nesa ba kusa ba. Hujja ce mai ƙarfi, amma gani ya kori ji. Ganin ya zo a Chadi. A Disamban 2011 aka yi wa mutum miliyan 1.8 allurar a yankuna uku na kewayen Njamena, sauran ƙasar ba a kai gare su ba tukuna, annoba kuma tana ci. Da bazarar 2012 ta wuce aka kwatanta, sai aka ga masu cutar sun yi ƙasa da kashi 94 cikin ɗari a inda aka yi allurar. Aka kuma bi mutane ana shafo maƙogwaronsu da auduga, aka tarar ƙwayar A ta kusan ɓacewa ɗungurungum. Ashe har wanda ba a yi wa ba ya sami kariya, tunda babu mai shafa masa.

Tambaya ta gaba duk ma'aikacin lafiyar da ya taɓa ɗaukar kula a bayan babur zuwa ƙauyukan Mariga ko Mashegu ya san ta. Ƙa'idar allura ita ce ta zauna cikin sanyi daga masana'anta har dantsen yaro. Ina firji, ina ƙanƙara, a ƙauyen da ko cajin waya sai an je kasuwa? Masana suka koma suka auna juriyar MenAfriVac, suka ga tana iya kwana huɗu a zafin da bai wuce digiri 40 ba, ba ta lalace ba. A Nuwamban 2012 aka jarraba haka a gundumar Banikoara ta Jamhuriyar Benin, aka yi wa mutum kimanin 155,000 ba tare da ƙanƙara ba, aka bi sawu, ba a ga matsala ba. Allurar ba ta canza ba, sanin da aka yi mata ne ya ƙaru, aka sake rubuta takardar da ke jikin kwalinta.

Haka aka bi sauran tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa masu juna biyu a gwajin farko, wannan ƙa'ida ce, to amma mata masu ciki suna cikin 'yan shekara 29 zuwa ƙasa, cutar kuma ba ta tsallake su. A Navrongo ta arewacin Ghana aka bi matan da aka yi wa allurar suna da ciki har suka sauka, aka kwatanta su da waɗanda ba a yi wa ba, ba a ga bambanci a ɓari ko lafiyar jarirai ba. Sai batun jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, waɗanda amincewar farko ba ta haɗa da su ba. Aka sake sabon gwaji a Ghana da Mali don a gano awon da ya dace da su, a kuma tabbatar ba ta hana allurar ƙyanda da ta shawara aiki in an yi su rana ɗaya. Aka tsaya a kan rabin awon manya. Masu lissafi kuma suka yi gargaɗi cewa in aka tsaya a kan gangamin da aka yi sau ɗaya, yaran da ake haifa bayansa za su taru ba kariya, cikin shekara 15 ko makamancin haka annoba ta dawo. Wannan ne ya sa a Agustan 2019 Najeriya ta shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum, a wata tara. Har da wata riba da ba a yi tsammani ba: saboda furotin ɗin nan da aka ɗinka rigar a jikinsa, sai aka lura sarƙe-haƙoran jarirai sabbin haihuwa ya ragu a ƙasashen da suka gama gangamin, don iyayensu mata sun sami ƙarin garkuwa.

Akwai kuma wani lissafi da ya kamata kowa ya sani, don shi ne babban dalilin da ya sa ba a rufe littafin kowace allura. In wata illa tana samun mutum ɗaya cikin 50,000, gwajin da aka yi da mutum 5,000 zai iya ƙarewa ba a gan ta ko sau ɗaya ba. Ba ha'inci ba ne, iyakar ƙidaya ce. Sai an yi wa miliyoyi take bayyana, kuma sai in akwai mai kallo. A 1998 Amurka ta amince da wata allurar gudawar yara mai suna RotaShield. Cikin shekara guda rahotannin likitoci suka nuna wasu jarirai ƙalilan, kamar ɗaya cikin 10,000, hanjinsu yana naɗewa bayan an ba su. A 1999 aka janye ta. Masu gudun rigakafi sukan kawo wannan labari a matsayin hujjarsu. Ni kuwa abin da nake gani a ciki shi ne an sa ido, an gani, an faɗa, an janye. Abin tsoro shi ne ƙasar da za a yi wa yara miliyan goma allura a ce ko mutum ɗaya bai kawo ƙorafi ba. Wannan ba shaidar lafiya ba ce, shaida ce cewa ba mai rubutawa. A nan gida NAFDAC ce ke tattara irin waɗannan rahotanni, har manhajar waya ta fitar a 2020 mai suna Med Safety, kowane asibitin da ake rigakafi kuma ya kamata a sami fom ɗin da ake cikewa. Zazzaɓin kwana ɗaya da ɗan kumburin dantse ba baƙon abu ba ne. Amma in abin ya wuce haka, uwar da ta koma ta ce "Malama, ga abin da ya sami yaron nan bayan allura," ta kuma tsaya sai an rubuta, ta yi wa binciken aikin da farfesa ba zai iya yi daga ofishinsa ba.

Ƙwayar A dai ta tafi. Tun 2017 ba a sake tabbatar da ita a duk faɗin zirin nan ba, ita da a da take da kashi 80 cikin ɗari ko fiye na annobar. Amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

A 2013 likitocin ƙungiyar MSF da ke aiki a jihar Sakkwato suka fara ganin sanƙarau a ƙauyukan da aka riga aka yi allura. Da aka auna ruwan bayan marasa lafiyar, sai ga rigar C. Shekara ta gaba ta ɓulla a Kebbi. A 2015 ta tsallaka Nijar ta kwantar da mutum sama da 8,000, har cikin birnin Yamai. Daga ƙarshen 2016 zuwa tsakiyar 2017 ta yi mana babbar shiga: sama da mutum 14,000 aka lissafa, sama da 1,100 suka rasu, kuma jiharmu ta Neja tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, tare da Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi. Allurar C kuwa ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Kashin farko da aka samo guda 500,000 ne, ga jihohi masu miliyoyin mutane.

A lokacin ne gwamnan Zamfara, Abdul'aziz Yari, ya danganta zuwan C da yawan saɓon Allah, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya fito ya ƙalubalance shi, aka yi ta ce-ce-ku-ce. Babu musulmin da ke musun cewa cuta da lafiya duk daga Allah suke. Amma sanin sababi bai taɓa cin karo da imani ba, kuma sababin nan an bi shi an gano. Da masana suka karanta ƙwayoyin halittar wannan C, sai suka ga sabon iri ne: wata ƙwaya ce da a da take zaune a maƙogwaro tsirara ba ta cutar da kowa, ta aro rigar C daga wata 'yar'uwarta ta zama makashiya. C ɗin ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, likitocin Zariya sun rubuta ɓarkewarta tun 1975. Sauran haruffan ma kowanne ya taɓa nuna kansa. W ta ɓarke a aikin Hajjin 2000, ta bi alhazai gida, ta yi ɓarna a Burkina Faso a 2002, abin da ya sa har gobe Saudiyya ba ta karɓar maniyyaci sai da shaidar allura mai haruffa huɗu. X ta addabi Yamai a 2006, ita kuwa babu allurarta ko ɗaya a duniya a lokacin.

Saboda haka tun kafin C ta iso an riga an fara aikin wadda za ta haɗa A, C, W, Y da X a kwalba ɗaya, a farashin da talaka zai iya. Shekara 13 aka yi ana yi, PATH da Serum Institute ne dai, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. A nan wata matsala ta taso wadda duk mai son fahimtar gwaji bayan allurar farko ya kamata ya tsaya a kanta. Idan babu rigakafin cuta sam, ana iya raba mutane biyu, a yi wa rabi allurar gaske, rabi a yi musu ta ruwan gishiri, a jira a ga su wa cutar za ta kama. Amma da zarar an sami allura mai aiki, da wane ido za ka kalli uwa ka yi wa ɗanta ruwan gishiri kana sane? Don haka sai a gwada sabuwa da tsohuwa. A gwajin da aka yi da mutum 1,800 'yan shekara 2 zuwa 29 a Mali da Gambiya, wasu aka yi musu sabuwar, wasu aka yi musu wata allura mai haruffa huɗu da aka daɗe da amincewa da ita, ba wanda aka bari hannu sake. Aka ɗebi jini kafin allura da bayan kwana 28, aka auna. Sabuwar ba ta gaza tsohuwar ba a kan huɗun nan, ga kuma X da ta ƙara. A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, ana kiranta Men5CV ko MenFive. Gwajin jarirai 'yan wata 9 da wata 15 kuma a Bamako aka yi shi daban.

To da aka ce Najeriya ce ta farko, ba gwaji ake nufi ba, gwaji an gama shi a wata ƙasa. Annobar C ce ta sake tashi: daga Oktoban 2023 zuwa 11 ga Maris na 2024 an lissafa mutum 1,742, 153 sun rasu, a jihohi bakwai. Aka kawo allurar Jigawa da Bauchi da Yobe a ƙarshen Maris don mutum sama da miliyan ɗaya. Mu ne na farko don mu ne gobara ta fara kamawa bayan an sayo sabuwar motar kashe ta.

Bambancin gwaji da gangami ba ɓoyayye ba ne, kuma ya kamata kowane magidanci ya iya tantancewa. A gwaji dole a zaunar da kai a yi maka bayani da harshen da kake ji, a gaya maka abin da aka sani da abin da ake nema a sani, ka sa hannu ko ka dangwala, a ba ka kwafi. Kana da ikon ka ƙi, kana da ikon ka fita a tsakiya, ba kuma za a hana ɗanka magani don ka ƙi ba. Dole a sami izinin NAFDAC da na kwamitin ɗa'ar bincike, wanda ƙasar nan ta fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, darasin Kano na cikin abin da ya haife shi. Yardar hakimi ko mai unguwa ƙofar shiga gari ce, ba ta maye gurbin yardar uban yaro da uwarsa. Duk wanda ya zo da abin da ya kira gwaji ba tare da waɗannan ba, a tambaye shi takardarsa.

Abin da ke damuna ni kam ba yawan bincike a kanmu ba ne, ƙarancinsa ne a hannunmu. Dubi sunayen da suka yi ta maimaituwa a wannan labari: Bamako, Gambiya, Navrongo. Greenwood da ya bar Zariya a 1980, Gambiya ya koma ya shugabanci cibiyar bincike ta can shekara 15, ita ce kuma cibiyar da ta gwada MenFive. Ko a ƙasar Hausa, a Madarunfa ta jihar Maraɗi ne aka gwada wata sabuwar allurar gudawa mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, shekaru bayan an amince da na farko, don na farkon sun yi tsada kuma ba sa rabuwa da firji. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ta rage gudawa mai tsanani da kashi biyu cikin uku. Mu da muke cikin waɗanda suka fi yawan masu sanƙarau, sai dai a gama a kawo mana. Tsoron da 1996 ta bar mana gaskiya ne, amma ya jawo mana asara biyu.

Kuma ko ba a kafa mana babbar cibiya ba, akwai aikin da ba mai yi sai mu. Babu yadda za a san wace riga ƙwayar ta sa bana sai an ɗebi ruwan ƙashin bayan mara lafiya an kai ɗakin gwaje-gwaje, daga asibitin Kontagora ko Bida ko Minna zuwa babban ɗakin gwajin hukumar NCDC da ke Gaduwa a Abuja, kuma ya isa bai lalace ba. Mutanenmu suna tsoron wannan ɗiba ƙwarai. Za ka ji ana cewa ruwan baya in an ɗiba mutum ba ya tashi, ko ba ya haihuwa. Gaskiyar ita ce akan kai mara lafiya a makare, bayan an gama da kemis da jiƙe-jiƙe, sai mutuwar da cutar ta riga ta ƙulla a ɗora wa allurar likita. Abin da ake ɗiba bai fi cokalin shayi ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin sa'o'i kaɗan. Da wannan ɗan ruwa aka gane C a Sakkwato a 2013. Da shi za a gane ko MenFive tana tare annoba kamar yadda MenAfriVac ta yi a Chadi, da shekarun da kariyarta za ta ɗauka, da kuma ranar da wata ƙwayar daban, irin mai haddasa ciwon huhu da ta jawo annobar sanƙarau a Ghana a 2016, za ta nemi shiga gurbin da aka bari.

Duk wannan ban faɗa wa Gwaggo a dare ɗaya ba, ba ta da haƙurin doguwar lacca. Na dai ba ta labarin ɗan sintiri da rigunan ɓarayi. Ta yi shiru tana fifita, can ta ce a ɗauko mata katin rigakafin jikanta da ke cikin kwalla a ɗaki. Na haska fitilar waya muka bi layi-layi har wata tara. An cike gurbin ƙyanda, an cike na shawara, na sanƙarau babu komai a ciki. Ta tambayi uwar yaron wace rana ake allura a asibitin unguwa, aka ce Laraba.